Iccen Jego da Bagaruwar Majemi

Da iccen jegon nan ƙwaron ya shigo gidanmu, ko kuwa da ma yana tafe, ko na karɓi iccen ko ban karɓa ba? Shekara ta fi arba'in ina juya wannan tambaya, ban sami mai amsa mini ba. Wanda ya san icce a cikinmu ya riga mu gidan gaskiya, kuma har ya tafi bai taɓa cewa komai a kai ba.

Damanar bana ce ta tayar mini da ita. Jikanyata ta haihu ran nan ana tsakar ruwa, sai ga dangin mijinta sun aiko da gawayi buhu biyu a bayan mashin. Anka jingine su cikin zaure, ba wanda ya ko leƙa. Na zauna ina kallon buhunan har hawaye ya zo mini, ana tambayata ko ciwon ƙafar ne ya tashi. Ba ƙafa ba ce. Shi ya sa na ce a zo a rubuta, tun ina iya jera maganar.

Mai gidana majemi ne. Ba ni faɗin sunansa ko yanzu da ba ya nan. Daga Wurno har Goronyo Majemi ake kiransa, haka ni ma zan kira shi. Fatar jar akuya yake jemewa. Ana jiƙa fata cikin ruwan toka, a kankare gashin, a wanke ta tas, sannan a tsoma ta cikin ruwan ɗiyan bagaruwa da anka daka. Bagaruwar ce ke kama fata ta hana ta ruɓewa, ta ba ta laushi. In babu bagaruwa babu jima. Dakan kuwa aikina ne tun ina amarya. Ƙurarta na shiga maƙogwaro da bauri, ka yini kana tofar da yawu, kuma tafin hannuna bai sake yin fari ba har na tsufa.

Wuri biyu muke samun bagaruwa. Akwai babban kurmi cikin fadamar gulbi, na kowa da kowa, wanda in ka shiga tsakiyarsa da rana tsaka sai ka nemi mayafi don sanyi. Sai kuma icce tara a bayan gidanmu, kan ɗan tudu, waɗanda kakan Majemi ya raina. Ƙarƙashinsu rumfar jima take, da tukwane a jere. Ɗiyansu sun fi na kurmi kauri, kuma Majemi ya san kowane ɗaya kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ya san mai fara zubarwa, ya san mai rowa, ya san wanda ke hutawa shekara guda.

Abin ya faro ne zamanin Turawa, bayan shekara biyu a jere da gulbi bai hau fadama ba. Da can kowace damana kurmin na tsayawa cikin ruwa har ƙugun mutum. Waɗannan shekaru ƙasar ta tsage, kana iya zura hannu har gwiwa. Gero ya yi rabin kai. Da rani ya shigo sai itatuwan kurmi sunka fara zubar da ƙaro, irin wanda ba mu taɓa gani ba, yana dalala a jikinsu kamar zuma. Mu kuwa murna munka yi. Hatsi ya yi ƙaranci, ga abin tsotsa kyauta. Mata na zuwa da ƙorai, malamai na aikowa a ɗebo musu na tawada. Maƙwabciyata Kulu, wadda munka tashi tare tun a Rara kafin aure ya kawo mu gari ɗaya, cewa take yi bagaruwa ta ji tausayin talaka ta fara tatsar kanta.

Majemi ne ya je da wuƙar aikinsa ya ɓare ɓawon wani icce. Ya kawo mini ɓawon gida in gani. Cikinsa duk hanyoyi ne a lanƙwashe, cike da gari mai laushi kamar an niƙa, sai wata farar tsutsa mai faɗin kai kwance a ƙarshen kowace hanya. Ya ce ƙaron nan ba kyauta ba ne, icce ne ke kuka ta inda anka huda shi. Ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan tsutsa ba, ubansa ma bai taɓa ba shi labarinta ba. Ba mu da suna gare ta, sai munka riƙa ce mata baƙuwa. Kafin bazara kawunan itatuwan sun fara bushewa daga sama, ganye na zuba ba lokacinsa ba.

Malamin daji ya zo ya duba, bayan wata guda ya dawo da wani Bature bisa doki. Baturen ya sa an ciro tsutsar an zuba masa cikin gwangwani. Ta bakin tafinta ya ce yana zaton daga gabas abin ya biyo, kuma cikin busasshen icce yake tafiya daga gari zuwa gari, saboda haka kada kowa ya fitar da ko reshe daga kurmin. Anka shafa jan fenti jikin itatuwan da sunka kamu. To amma tun da anka shata gandun daji mutane sun saba da hani. An hana saran gawo, an hana sassaƙa sai da takarda, an hana wuta. Sai kowa ya ɗauki wannan a matsayin wani sabon hanin, irin wanda ake jira malamin daji ya ba da baya a ci gaba da abin da ake yi. Majemi kaɗai ya yarda, don shi ya ga tsutsar da idonsa. Ya ce mini iccen kurmi kada ya shigo gidan nan, ko da tsinken sakace ne.

Cikin haka ɗiyata ta fari, wadda ke aure a Magarya, ta zo goyon ciki. Haihuwar fari gidan iyaye ake yin ta. Damanar shekarar kuwa ta zo kamar za ta rama na shekara biyun da sunka wuce. Kwana huɗu, biyar, ba a ga rana ba. Katanga na zubewa, danga ta kwanta, kwaɗi har cikin ɗaki. Hanyar Rabah ta yanke, anka ce kowace unguwa ta ba da maza don gyara, sunan Majemi ya fito. Ya tafi da fartanya da ɗan garin da na ƙulla masa. Kwana shida da tafiyarsa yarinya ta sauka, ta sami ɗiya mace.

Wanda bai ga wankan jego na wancan zamani ba bai san abin da icce yake ba. Kwana arba'in, safe da yamma, ana tafasa babbar tukunya har ta yi ƙara, a tsoma ganye ana fyaɗa wa mai jego. Ga kunun kanwa, ga wuta ƙarƙashin gadon ƙasa don kada sanyi ya shige ta. Mun ga matan da sanyi ya shiga, sun kumbura sun tafi. Iccen wannan aiki kuwa ba na iyayen mace ba ne, dangin miji ke kawo shi, kuma da shi ake auna darajar da sunka ba ɗiyar mutane. Kafin nasu ya iso na ƙone abin da nake da shi. Kara ya jiƙe, kashin shanu ya koma taɓo. Kwana uku da zanan bayan ɗaki da jinkar wani tsohon rumbu nake dafa ruwa, hayaƙi na cika ido, ruwan ko tafasa bai yi sosai. Yarinya na rawar ɗari bayan wanka, tana ɓoye mini.

Rana ta huɗu da hantsi, ruwa ya ɗan tsagaita, sai munka ji guɗa daga bakin gari. Jakai goma sha ɗaya, kowane da kaya har ba a ganin kunnuwansa. Gwaggon mijin ɗiyata ce gaba, Balki, mace mai murya, zanenta ya jiƙe har gwiwa. Tun daga ƙofa take kira.

"Ina uwar mai jego? Fito ki ga icce, ba kara ba. Bagaruwa ce zalla, ta bushe tun tana tsaye. In Majemi ya dawo a gaya mishi mu ma mutanen Magarya mun san icce."

Ni ina bayan ƙyaure, don ba ni fita gaban surukai, balle kan haihuwar fari. Ta tsagar ƙyauren na hango jan fenti jikin wani gungume. Na jawo Kulu, wadda ke karɓar baƙi a madadina, na raɗa mata cewa iccen kurmi ne, kuma mai gida ya hana. Kulu ta dube ni.

"Ki mai da iccen jego? Ki ce musu mi? Iccenku na da tsutsa? Ke kina nan zaune, ita ce za ta koma cikinsu da goyo. Kuma yau da yamma da mi za ki dafa ruwa, da ƙafar gadonki?"

Na saki hannunta. A wurinmu mai da iccen jego daidai yake da a ce ba a son auren, ko ana shakkar abin da anka haifa. Ban taɓa jin an yi ba, har yau ban ji ba. Kulu ta fita ta yi godiya, ta yi wa Balki ba'a cewa jakansu sun fi mazansu ƙiba, anka yi dariya. Sai maganar inda za a sauke. Tsakar gida ruwa ne kwance. Wuri ɗaya ne mai tudu da rufi, wato rumfar jima, ƙarƙashin icce taran nan. Can anka jibge shi. Ina ji ana jefa gungume bisa gungume, ban fito ba.

Gaskiya icce ne mai kyau. Bagaruwa ba ta da hayaƙi, wutarta na da nauyi, gungume ɗaya na tafasa tukunya. Da asuba in na idar da salla in hura, in ɗora ruwa, in dama kunu, Kulu ta zo mu kama yarinya mu yi mata wanka tana cije baki. Da la'asar a sake. Rawar ɗarin ta bari, nono ya zo, jikinta ya fara sheƙi. Wani lokaci in icce ya kama sai ka ji ɗan ƙara, tsutsa ce ke fashewa a ciki. Kowace safiya kuma in na je ɗiba sai in tarar da gari ya zubo ƙarƙashin tulin, sabo, mai launin ƙasa. Nakan share shi kafin kowa ya gani. Wannan ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau. Da rana ta fara fitowa na riƙa ganin waɗansu ƙananan ƙwari masu ƙyalli kamar tagulla suna shan hantsi jikin tukwanen jima. In na kai hannu sai su tashi sama cikin ganye.

Majemi ya dawo ranar da jego ya kwana goma sha tara, ƙafafunsa a kumbure saboda tsayuwa cikin ruwa. Al'adarsa ce in ya dawo daga tafiya ya zagaya bayan gida kafin ya sha ruwa. Ina tsaye bakin murhu ina jiran ya fito daga wajen rumfar jima. Ya daɗe. Da ya shigo sai ya zauna, anka miƙa masa jaririya, ya ce wannan amaryar tasa ta cika baƙi, a mai da ta a sake kawo wata. Mata sunka yi dariya. Bayan sun watse ya tambaye ni kwana nawa ya rage. Na ce ashirin da ɗaya. Ya ce to a fara ƙona masu ɓawo.

Iyakar abin da ya ce ke nan. Washegari da ƙafafun nan nasa ya kwashe iccen duka ya mai da cikin zaure, ya zauna yana ɓare ɓawon ɗaya bayan ɗaya yana jefawa wuta. Yini biyu ya yi yana wannan. Ya share ƙarƙashin rumfar ya ƙone sharar. Ranar arba'in da Balki ta zo ɗaukar mai jego, shi da kansa ya fita ya yi mata godiyar icce, ya ce sun yi abin da ya kamata. Ta ce ai ta gaya mini, su ba su kawo kara. Ya ce haka ne.

Ranin da ya biyo ba mu ga komai ba. Itatuwan sunka yi ɗiya kamar kullum, na daka, ya jeme, hankalina ya fara kwanciya. Rani na biyu ne na fita shanya na ga ƙaro na dalala jikin na gabas cikin icce taran nan. Shi ne ya fi kusa da inda anka jibge iccen. Amma kuma shi ne ke fuskantar kurmi, kuma duk iskar da ta taso daga fadama shi take fara bugu. Kurmin a lokacin ya gama mutuwa, tsakaninmu da shi bai fi tafiyar da za ka yi da tulu a kai ba tare da ka sauke ba.

Majemi bai nemi takarda ba. Ya sare shi ranar, ya ƙone shi nan inda ya faɗi. Malamin daji ya biyo ya ga toka, ya ga kututture, ya tambayi lafiyar iyali ya wuce. Sauran takwas ɗin munka kwaɓa toka da laka da kashin shanu munka shafe su har inda tsani ya kai. Ni ke kwaɓawa, shi ke hawa. In damana ta wanke mu sake. Kowace safiya yakan bi su yana ƙwanƙwasawa da ƙotar wuƙa, yana kara kunne. Icce mai lafiya da wanda anka cinye cikinsa ba su amsawa iri ɗaya, har ni na koyi bambancin. Duk da haka sunka riƙa tafiya, wannan bana, biyu baɗi. Ba ya ce mini zo ki gani. Sai dai in ji gatari.

Shekarun nan sun yi mana tsawo. Gonarmu ƙarama ce, da ma jima ke ciyar da mu. Da kurmi ya tafi, fadamar ta zama fili mai fararen sanduna a tsaye, rana na dukan ƙasa tun hantsi, makiyaya sunka daina sauka nan. Majeman garin, su biyar ne, biyu sun bar sana'ar sun koma noman albasa. Fatake na kawo bagaruwa daga nesa, tsohuwa, rabinta ƙasa. In an jeme da ita fata na fitowa da tauri, ta tsage wurin ninki, mai sayen fata na kanti ya juya ta sau ɗaya ya ture. Mun ci tafasa, mun ci rama ba ƙuli, mun ci dusa da kanwa. Akwai bazarar da nake ɗora tukunya da ruwa zalla don maƙwabta su ga hayaƙi. Zafi na sa rufin ɗaki ya yi ta ƙara, ka kwanta bisa tabarma ka tashi ka bar surarka da zufa. A duk wannan bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai taɓa ambaton Magarya da wani abu ba. Jikanyar tamu in an kawo ta yakan ɗora ta bisa wuya ya zagaya da ita cikin kututturan. Da ya yi faɗa ko sau ɗaya, ina jin da abin ya fi mini sauƙi.

A ƙarshe icce ɗaya ya rage, shi ma rabinsa ya bushe. Shekarar ya ba mu kwando guda. Sai labari ya zo cewa can gaba da Rimawa, wajen arewa, akwai kurmin da baƙuwar ba ta kai ba. Majemi da sauran majeman biyu sunka shirya jakai. Bazara ce, kuma shekarar sanƙarau na yawo cikin ƙauyuka. Na ce ya bari ruwa ya sauka. Ya ce in ruwa ya sauka ɗiyan bagaruwa sun ruɓe a ƙasa.

Kwana goma sha bakwai sunka yi. Ina tankaɗe a tsakar gida na ji kukan jakinmu a ƙofa, na fito na ga mutum biyu da jakai uku. Sun ce sun sami kurmin, sun cika buhuna, kan hanyar dawowa wuyansa ya sanƙare, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Sun rufe shi a wani ƙauye da sunka gaya mini sunansa, ban taɓa zuwa ba. Buhunan da ya ɗebo bagaruwa ce mai kyau, kauri gare ta kamar tamu ta da. Na ba abokan tafiyarsa, don babu mai jima a gidan kuma. Na ƙarshen itatuwan ya bushe ina cikin takaba.

Yanzu in ka je fadamar shinkafa ce da albasa, yaran da ke noma ta ba su san an taɓa yin kurmi a wurin ba. Dogon yaro ya cika gari, inuwarsa na da kyau, ba a jima da shi. Tsutsar nan kuwa ban sake ganin irinta ba. Ta zo, ta ci abin da za ta ci, ta wuce. Kulu ta rasu, Balki ta rasu ba ta san komai ba, ɗiyata ma ban gaya mata ba, ga ta nan ta yi furfura da jikokinta.

Safiyar da Majemi zai yi waccan tafiya ta ƙarshe, yana ɗaura wa jaki akumari, ni kuma na juye kwandon nan guda cikin turmi, don akwai fata biyu a tukunya da ke jiran bagaruwa. Na ɗaga taɓarya ke nan sai na ji ya riƙe ta ta baya. Ƙwayar bagaruwa tauri gare ta, ba ta cika tsirowa ba sai ta bi ta cikin akuya, kowane majemi ya san haka. Daga baya na yi yadda ya ce mini a bakin zaure ranar nan, kuma cikin abin da ya tsiro tumakin mutane sun bar mini ɗaya. Ya saki taɓaryar, ya ja jakinsa har bakin zaure, sannan ya juyo.

"Wannan kada ki daka ta, bar fatun su lalace. Ba jar akuyar nan ta ci, ki ɗaure ta bayan gida har ruwa shi sauka. In na dawo mu gani."